Yadda Malami Zai Riƙe Aji Mai Yara Tamanin Ba Tare da Dorina Ba

Manufar ilimi ta ƙasa a Najeriya ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, ɗaya ga yara 40 a sakandare. Duk wanda ya taɓa riƙe alli a makarantar gwamnati a Kano ko Gusau ko Bauchi ya san abin da ke takarda daban, abin da ke ƙasa daban. Za ka shiga aji ka tarar da yara tamanin, wani lokaci sun haura ɗari, huɗu-huɗu a benci, wasu a ƙasa kan tabarma, kwano ya ɗau zafi, ga minti 35 ko 40 kacal aka ba ka. Sabon malami yakan shigo da takardarsa ta shaidar malanta, wato NCE, da kyakkyawar niyya, kafin mako biyu muryarsa ta dishe. Sai wani a ofishin malamai ya ce masa, "Malam, ka nemi dorina, yaran nan ba sa jin magana."

Ni ma shawarar da aka ba ni ke nan, kuma na bi ta shekaru kafin in gane cewa dorina tana sayen shiru na minti biyar ne kawai, gobe kuma sai ka ƙara kuɗi. Abin da na koya da wahala shi ne: yawancin rashin ɗa'a a aji ana kashe shi tun kafin ya faru. Ga yadda ake yi, bi da bi.

Ka fara da wurin zama da sunaye

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka koyar da ko da harafi ɗaya, ka tsaya ka dubi ɗakin. Abu na farko da kake buƙata shi ne hanya: layin da za ka bi daga allo har bangon baya ba tare da ka tsallake ƙafar kowa ba. Ko da ajin ya cika maƙil, a matsa bencina a fitar da hanya ɗaya a tsakiya, in da hali biyu. Ajin da malami ba ya iya isa bayansa, bayan nan ya zama wata ƙasa mai cin gashin kanta.

Sannan kai za ka raba wurin zama, kada ka bar wa yara. In ka bar musu, manya masu ƙarfi su kame baya, 'yan unguwa ɗaya su dunƙule wuri guda, ƙanana su rasa inda za su sa kansu. Gajeru da masu matsalar gani ko ji su zo gaba. Abokan surutu a raba su. Wanda ka lura ba ya iya zama wuri ɗaya, ka ajiye shi bakin hanyar da kake bi. Ka zana taswirar zaman a takarda, ka manne ta a cikin rajista.

Taswirar nan ce za ta koya maka sunaye. Ka ɗauki layi ɗaya kowace rana, cikin mako uku ka haddace ajin. Kada ka raina wannan. "Kai mai hular can!" ba ya tsayar da kowa, domin yaron ya san ya ɓace a cikin taro. Amma ranar da ka kira sunansa daga gaban allo, da murya a kwance, ranar ya san an san da shi.

Makon farko: doka kaɗan, maimaici da yawa

Dokoki huɗu ko biyar sun isa. A rubuta su da Hausa a kwali, a kafe a bango, kuma kowace ta faɗi abin da ake so a yi. Misali: idan wani yana magana, sauran su saurara, mai tambaya ya ɗaga hannu, kowa ya shigo da littafi da biro, ba a taɓa jikin wani ko kayansa, ba a fita sai da izini. Ka tambayi yaran dalilin kowace doka, su faɗa da bakinsu. Yaron da ya ce "don kada a hana mu ji" ya riga ya ɗauki rabin dokar a wuyansa.

Sai dai dokar da ke bango ba ta riƙe aji. Abin da ke riƙe aji shi ne sabo: yadda ake shigowa, yadda ake miƙa littattafai, yadda ake neman fita ban-ɗaki, yadda ake komawa shiru. Waɗannan koyar da su ake yi kamar yadda ake koyar da alwala. Ka nuna, su gwada, ka gyara, su sake. Idan karɓar littattafan jinga yana cinye minti goma cikin hayaniya, ka tsara: kowane benci ya miƙa gaba, na farkon layi ya tara, mutum ɗaya ya kai tebur. Ku gwada sau uku a ranar farko har ya koma minti ɗaya.

Mafi muhimmanci a cikinsu ita ce alamar shiru. Zaɓi guda ɗaya ka tsaya a kanta. Wasu suna tafa hannu sau uku yara su amsa da tafi biyu. Wasu suna ɗaga hannu sama, duk wanda ya gani ya ɗaga nasa ya rufe baki. Wadda duk ka zaɓa, sharaɗinta ɗaya ne: bayan ka ba da alama, kada ka furta kalma sai ajin ya yi tsit. A nan yawancinmu muke faɗuwa. Shirun jira yana da nauyi, daƙiƙa talatin sai ka ji kamar awa, sai ka fara magana a kan surutu. Da zarar ka yi haka ka koya musu cewa ana iya darasi ana hira. Ka daure ka jira, kana kallon inda ƙarar take. Na kusa da mai surutun su za su taɓa shi su ce, "Malam na jira."

Darasin da bai bar hannu a sake ba

Wani masanin ilimi ɗan Amurka, Jacob Kounin, ya ɗauki hotunan bidiyo na azuzuwa da dama yana neman sirrin malaman da ajinsu ke zaune lafiya. Sakamakon da ya fitar a 1970 ya nuna cewa bambancin ba a irin hukuncin da suke yi yake ba. Yana cikin abin da suke yi kafin laifi: idonsu na kan kowane lungu, darasinsu ba ya tsayawa, ba sa barin giɓi tsakanin aiki da aiki. Hausawa sun riga sun faɗa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tsagewar bango a aji wurare uku ne. Na farko, mintunan farko, lokacin da malami ke neman dasta ko yana kiran rajista. Maganinsa: kana shiga, bayan sallama, ka rubuta ɗan aiki a allo, tambaya biyu daga darasin jiya. Suna rubutu kana duba wanda bai zo ba ta taswirarka. Na biyu, lokacin da ka juya baya kana cika allo da rubutu. Ka rubuta kaɗan-kaɗan, kana tsaye a karkace, rabin fuskarka na wajen yara. Na uku, lokacin da masu sauri suka gama aiki suna jiran saura. Kullum ka tanadi tambaya ɗaya mai ɗan tauri a gefen allo domin su.

Kada ka yi bayani ya wuce minti goma ba ka sa su wani abu ba. Su rubuta, su amsa tare, kowa ya juya ya gaya wa na kusa da shi amsa. Wajen tambaya kuma, ka jefa tambayar tukuna, ka ɗan dakata, sannan ka kira suna. In ka fara da suna, sauran saba'in da tara sun huta.

Akwai wani abu da ba mu cika faɗa wa juna ba. Yaro da yawa da muke kira fitinanne, ba ya gane abin da ake yi ne. Yana aji biyar amma bai iya haɗa baƙi ba, darasi kuma na tafiya da Turancin da ba ya ji. Wa zai zauna shiru awa biyar yana sauraron abin da bai fahimta ba? Ka fassara, ka kawo misali daga kasuwa da gona da gida, ka ba irin wannan yaro aikin da zai iya. Sau da yawa fitinar takan ragu da kanta ranar da ya ga jan biro ya ba shi maki.

Ka kuma san lokutanka. Darasin bayan tara, da na ƙarshe ranar Juma'a, da ranakun zafin Maris da Afrilu, ba lokacin dogon bayani ba ne. Ka ajiye musu aikin hannu da gasar layi da layi.

Idan an yi laifi, ka hau tsani daga ƙasa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne farawa daga sama: ƙaramin raɗa, sai tsawa, tsawa ba ta yi ba, sai duka. Wanda ya fara da duka ba shi da sauran wurin hawa.

Matakin farko ido ne. Ka kalli yaron, ka ci gaba da darasi. Bai daina ba, ka taka zuwa kusa da bencinsa kana bayaninka, ka ɗora yatsa a kan littafinsa. Yawancin ƙananan laifuka a nan suke mutuwa, kuma darasi bai tsaya ba. In ya ci gaba, ka kira sunansa ka faɗi abin da kake so a taƙaice: "Wane, biro a hannu, tambaya ta biyu." Kada ka tambaye shi me ya sa yake surutu, tambayar nan ƙofar gardama ce. Ka faɗa, ka kau da kai, ka ba shi sarari ya bi umarni ba tare da ya ji an ci masa fuska ba.

In duk wannan bai yi ba, ka sunkuya kusa da shi ka ba shi zaɓi a hankali: ko ya yi aikinsa a nan, ko ya dawo bencin gaba. Ya sake, sai ka cika abin da ka faɗa, ba ƙari ba ragi. Yara suna gwada malami kamar yadda ake gwada ƙofa, a ga ko a kulle take. Hukunci ƙarami da ba ya kuskurewa ya fi babba wanda ake yi yau a manta gobe. Don haka kada ka taɓa yin barazanar abin da ba za ka iya ba. "Zan kore ka daga makarantar nan" ba huruminka ba ne, kuma sun sani.

Da manyan yara na ƙaramar sakandare, ka kiyayi fito-na-fito a gaban aji. Saurayi ɗan shekara goma sha biyar zai gwammace a dake shi da ya sauko a gaban abokansa, balle a gaban 'yan mata. Ka ce masa, "Ka same ni bayan darasi," ka ci gaba da aikinka. A keɓe, yaron da ya yi maka tsaye ƙiƙam sai ka ga ya sunkuyar da kai. Kuma ka soki aikin, ka bar asalin mutum. Jaki, daƙiƙi, zagin uwa da uba, waɗannan ba su da wuri a bakin malami. Akwai dattawa yau da suka manta bulalar firamare amma ba su manta sunan da wani malami ya laƙaba musu ba.

Yabo ma yana cikin tsanin nan, kuma shi ya fi arha. Ka faɗi abin da ka gani daidai: "Layin taga sun buɗe littafi, madalla." Za ka ga sauran layuka suna laluben jaka. Yaron da ka hukunta jiya, ka nemi abin kirki ɗaya da ya yi yau ka ambata, don ya san maganar jiya ta wuce.

Monita da takardar masu surutu

Al'adar barin monita ya rubuta sunayen masu surutu, malami ya dawo ya zane su, ta daɗe a makarantunmu, kuma ina ganin ɓarnarta ta fi amfaninta. Monita yakan rubuta abokin faɗansa ya bar amininsa, wani har alawa ake ba shi a goge suna. In kuwa mai gaskiya ne, a hanyar gida za a tare shi. Ba da bulala ga monita ya doki 'yan ajinsu kuwa, wannan kada ya faru ko sau ɗaya.

Ka raba aikin aji ga mutane da yawa: mai goge allo, mai kula da alli, shugaban kowane layi, mai duba shara, mai rufe tagogi. A riƙa juyawa duk bayan mako biyu. Ka ba fitinannen ajin wani aiki a ciki. Na sha ganin yaron da ya addabi kowa ya natsu saboda an damƙa masa makullin akwatin littattafai.

Ruwa ba ya tsami banza

Idan laifi ɗaya yana maimaituwa daga yaro ɗaya, tsani ya gama aikinsa, saura bincike.

Akwai wani yaro da na koyar a aji shida, kullum barci yake a darasin farko. Na tsayar da shi a rana, na sa shi tsallen kwaɗo, na yi masa bulala, bai daina ba. Wata rana da sassafe, a hanyata ta zuwa makaranta, na hango shi yana tura kurar ruwa mai jarka goma, rigar makarantar tana rataye a hannun kurar don kada ta jiƙe. Mahaifinsa ya kwanta ciwo, shi ke ciyar da gidan kafin ƙararrawa. Har yau in na tuna bulalar da na yi masa sai zuciyata ta sosu. Tambaya ɗaya a keɓe da ta ishe ni: "Ƙarfe nawa kake tashi?"

Yarinyar da take makara, wataƙila sai ta sayar da kokon gidansu ake barinta ta taho. Wanda ba ya kwafar rubutu, ka matso da shi gaba ka ga ko ido ne. Wanda ke faɗa kafin tara, ka tambaye shi ko ya karya. Wadda ta kasance mai fara'a sai ta koma shiru farat ɗaya, a sa malama ta zauna da ita. Sanin dalili ba ya soke doka, amma yana nuna maka maganin da ya dace. Shi yaron kurar, mun yi magana da shugaban makaranta da kawunsa, aka rage masa zuwa ɗiban ruwan safe, na mayar da shi bencin gaba kusa da taga.

Hukuncin da ke gyara

Hukunci mai amfani yana da alaƙa da laifin. Wanda ya zubar da shara ya share. Wanda ya yi rubutu a bango ya wanke. Wanda ya ɓata minti goma na darasi ya biya su daga lokacin tara, amma a bar shi ya ci abinci ya sha ruwa. Wanda ya karya biron wani ya biya, wanda ya yi zagi ya ba da haƙuri. Kada a hukunta aji gaba ɗaya don laifin mutum uku, domin masu biyayya za su ga biyayyarsu ba ta tsinana musu komai ba. Kada a mayar da karatu horo, irin "rubuta wannan jimla sau ɗari biyu". Kada kuma a kori yaro waje ya yi ta gararamba, wanda ba ya son darasi kyauta ka ba shi.

Game da duka, na san abin da za a ce: da shi aka tarbiyyantar da mu, kuma sashe na 55 na dokar Final Kod (Penal Code, wato kundin hukunta laifuka) ta Arewa ya bar wa malami damar horo muddin bai kai ga mummunan rauni ba. Amma Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana cutar da yaro a jiki ko a zuciya, ƙa'idojin aikin malanta na hukumar rajistar malamai ta ƙasa (TRCN) kuma ba su yarda malami ya ɗauki bulala bisa ra'ayin kansa ba. Ko an ajiye doka gefe, malamanmu na da sun yi magana. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi gargaɗin cewa tsanantawa ga ɗalibi tana kashe masa himma, ta koya masa ƙarya da yaudara don gudun hannun da ke kansa. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro, bai taɓa ce masa ko "tir" ba. Duk malamin da ya ɗaga hannu cikin fushi, ba ya iya auna inda zai sauka: ido, kunne, kai. In ka ji ranka ya ɓaci, ka ajiye maganar sai bayan darasi.

Iyaye, shugaban makaranta da manyan laifuka

Kada ranar farko da uba zai ji daga gare ka ta zama ranar ƙara. Tun farkon zango ka karɓi lambobin waya. In yaro ya yi abin kirki, ka aika saƙo gida ko ka faɗa wa mahaifinsa in kun haɗu a masallaci. Ranar da matsala ta taso, za a karɓe ka a matsayin mai son ɗansu.

In ka gayyaci uba, ka ba shi wurin zama, ku gaisa sosai, ka fara da alherin yaron. Sannan ka kawo abin da ya faru da rana da lokaci: "Alhaji, cikin mako biyun nan sau shida yana fita bayan tara ba ya dawowa." Saboda haka kake buƙatar ɗan littafin da kake rubuta laifi da kwanan wata da matakin da ka ɗauka. Wani uban zai ce, "Malam, ku dake shi, na ba ku." Ka gode masa, ka roƙi wani abu dabam: ya riƙa duba littafin yaron duk dare, ko ya sa wani babba ya raka shi har ƙofar makaranta. In iyaye sun ƙi zuwa, kwamitin al'umma mai kula da makarantar, wato SBMC, yana da mai unguwa ko wakilinsa da malaman addini da iyaye mata, kuma sukan isa inda takardarka ba ta isa ba.

Wasu abubuwan ba na malami shi kaɗai ba ne: wuƙa ko wani makami, shaye-shaye, faɗan da aka ji rauni, cin zalin ƙanana da ƙwace musu kuɗin tara, ko alamar ana lalata da yaro. Ka fara raba su ka tabbatar kowa ya tsira, ka kai wa shugaban makaranta a ranar, ka rubuta abin da ka gani da idonka. Kada ka yi alkawarin rufa asiri a kan abin da zai cutar da yaro.

Su ma malaman makaranta sai bakinsu ya zo ɗaya. In wannan ya hana, wancan ya ƙyale, yara za su koyi duba fuska kawai. Kuma malamin da ke shigowa bayan ƙararrawa da minti goma sha biyar, ko yake amsa waya a tsakiyar darasi, ya riga ya soke dokar makara da ta surutu da kansa.

In ajin ya riga ya kuɓuce maka

Wataƙila kana karanta wannan a tsakiyar zango, ajin ya riga ya raina ka. Ana iya dawo da shi. Ka zaɓi ranar Litinin. Ka riga su zuwa, ka tsaya a bakin ƙofa, su yi layi a waje. Ka shigar da su biyar-biyar, kowa ka nuna masa sabon wurinsa bisa taswirar da ka zana a gida. Aiki yana jiransu a allo. In sun zauna, ka gaya musu a taƙaice cewa yadda ake tafiya ba ya ba su karatun da suka zo nema, daga yau ga yadda za a yi. Ka koya musu alamar shiru, ku gwada har sau uku. Abu ɗaya kawai za ka kama a makon nan, wato ba a magana in wani na magana, sauran laifuka ka ɗaga musu ƙafa tukuna. Ranar Laraba ko Alhamis za su gwada ka fiye da da, su ga ko da gaske kake. Ka bi tsaninka a natse, ka cika duk abin da ka faɗa. Sai wannan ta zauna, a mako na biyu ko na uku, sannan ka ɗauko maganar makara.